Yadda ake zaɓar lasifikokin baya da kafa su a ƙaramin ɗakin kallo

Na sha kafa kayan sauti na kallon fim a ɗakuna da faluka, nawa da na 'yan'uwa da abokai, kuma duk lokacin da aka kira ni gyara, ƙorafin ba ya wuce ɗaya daga cikin biyu. Ko dai mai gida ya ce lasifikokin baya sun yi shiru kamar ba a jona su ba, ko kuma ya ce suna yi masa ihu a kunne har ba ya jin maganar 'yan wasa. Da wuya laifin ya kasance na lasifikar kanta, domin galibi wurin da aka ajiye ta ne bai dace ba, ko kuma ba a saita ƙarfinta ba.

Tsarin da aka fi amfani da shi a gida shi ne wanda ake kira 5.1, wato lasifika uku a gaba, biyu a baya, sai wufa guda ɗaya mai fitar da amo mai kauri. Maganar 'yan wasa daga ta tsakiya take fitowa. Na baya kuwa aikinsu shi ne ɗaukar sautin kewaye, irin su saukar ruwan sama, kaɗawar iska, hayaniyar kasuwa, ko ƙarar motar da ta gifta. Idan an kafa su daidai, mai kallo zai ji sauti ya kewaye shi, amma ba zai iya nuna inda yake fitowa da yatsa ba. Wannan shi ne abin da za mu nema, kuma ya fi wuyar samu a ƙaramin ɗaki, saboda lasifikar tana kusa da kunne ƙwarai.

Kayan da za ka tanada

- Lasifika biyu iri ɗaya, da amfilifaya, wato na'urar da ake jona lasifikokin da ita tana tura musu sauti, mai ɗaukar tsarin 5.1.
- Wayar lasifika ta jan ƙarfe, mai kaurin milimita 1.5, wadda tsawonta ya zarce abin da ka auna da kamar mita biyu.
- Maƙalan bango biyu masu juyawa, ko kuma matsayai biyu na ƙasa.
- Tef ɗin awo, fensir, da salatef na takarda don yin alama.
- Injin huda bango da bakinsa na siminti, da fisha, da sukurori, da sukurudireba.
- Fulaya ko wuƙar fere waya.
- Kwaroron roba na rufe waya, wanda masu aikin lantarki ke kira tirankin.
- Ƙaramin batir mai bolt 1.5, irin na rimot.
- Wayar hannu mai manhajar auna ƙarar sauti.
- Kujeru ko tebura biyu da za a ɗora lasifikokin a kai na wucin gadi, da kuma mutum ɗaya da zai taimaka maka.

1. Ka fara tsayar da wurin zama

Duk awon da za a yi daga kan mai kallo yake farawa, saboda haka kada ka taɓa bango sai ka gama shawara kan inda kujera za ta zauna. Ka sa ta daidai tsakiyar faɗin ɗakin, tana fuskantar talabijin. Idan akwai hali, ka janye ta daga bangon baya da kamar santimita 50 zuwa mita ɗaya. Na san al'adarmu ita ce a jera kujeru a jikin bango a bar tsakiya fili, kuma uwargida ba lallai ta yarda a sauya wannan ba, amma ko taku biyu aka samu tsakanin kujera da bango, bambancin a bayyane yake, domin wanda kansa ke manne da bango yana jin amon wufa ya taru ya yi masa yawa.

Ka zauna yadda ka saba zama, a sa salatef a jikin kujera daidai inda kanka yake, sannan a auna tsayin kunnenka daga ƙasa. Ga mai zama kan kushin yakan kama kusan mita ɗaya. Idan a gidan kan kafet aka fi zama ana jingina da tum-tum, to da wannan zaman za a auna, ba da kujerar da babu mai hawanta ba.

2. Biyu za ka sa a baya, ko huɗu?

Masu sayarwa sukan kwaɗaita wa mutum tsarin 7.1, wanda ke da biyu a gefe da wasu biyu a can baya. Shawarata ita ce, a ɗaki irin namu mai ƙafa 12 da 12 ko 12 da 14, ka tsaya a 5.1. Ƙarin biyun nan suna buƙatar tazarar aƙalla mita ɗaya a bayan kujera kafin su yi amfani, kuma idan babu ita, sai su dawo suna magana a ƙeyarka. Kuɗin da za ka kashe a kansu ya fi kyau ka ƙara shi a kan lasifikar tsakiya.

3. Zaɓar lasifikokin

Abu na farko shi ne muryarsu ta yi kama da ta na gaba. Idan jirgi ya taso daga gaba ya wuce baya a cikin fim, bai kamata amonsa ya sauya a hanya ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi na kamfani ɗaya kuma jeri ɗaya da na gaban. Idan hakan bai samu ba, ba wani abin tashin hankali ba ne, domin rashin dacewar na baya bai kai na ukun gaba illa ba, amma dai lallai biyun bayan su zama tagwaye.

Girma ba shi da muhimmanci a nan. Ƙaramar lasifika mai faranti inci 4 zuwa 5 ta isa, tun da amo mai kauri wufa za a tura wa. Dogayen nan masu tsayuwa a ƙasa kuwa, a ƙaramin ɗaki cin wuri kawai suke yi, sannan kushin yakan tare rabin sautinsu.

Ka duba bayan lasifikar, za ka ga an rubuta adadin om, wato ma'aunin turjiyarta ga lantarki, galibi 4 ko 6 ko 8. Ka kwatanta da abin da aka rubuta a bayan amfilifaya kusa da wurin jona waya. Yawancin amfilifayoyin gida an yi su ne don om 6 zuwa 8, kuma idan aka jona musu abin da ya gaza haka, sukan yi zafi su kashe kansu. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa, domin lasifikokin da ke zuwa a kwali ɗaya da na'urarsu sau da yawa om 3 ko 4 ne, an ƙera su ne don wannan na'urar kaɗai. Kada ka cire su ka jona wa wata amfilifaya ba tare da ka duba ba. Haka nan kada manyan lambobin ƙarfin lasifika da ake bugawa a kwali da sunan PMPO su ruɗe ka. Lambar da ke da ma'ana ita ce ta RMS, wato ƙarfin da lasifikar ke iya ɗauka a kai a kai.

Sai kuma fasalinsu. Akwai mai fuska ɗaya, wadda ke harba sauti kai tsaye, ita ce aka fi samu a kasuwa. Akwai mai fuska biyu da ake kira baifol, wadda ke watsa sauti ta ɓangarori biyu, kuma ita ce na fi so idan kujera tana kusa da bango ko kuma mai zama a ƙarshen kushin bai wuce mita ɗaya daga lasifikar ba, domin ba ta soke kunne. Idan ba ka same ta ba, mai fuska ɗayar ma za ta yi, da dabarar da zan bayyana a gaba. Ka kuma lura ko akwai ramin iska a bayan akwatin. Idan akwai, kada a manne shi da bango, a bar masa tazarar ko da santimita 10. Wadda akwatinta yake rufe ruf, ko ramin yake gaba, ta fi dacewa da ratayewa.

Game da marasa waya, ka sani cewa kowace tana buƙatar soket ko caji, kuma galibi da na'urar kamfaninsu kaɗai suke aiki. Lasifikar Bluetooth ta yau da kullum ba za ta maye gurbinsu ba.

4. Auna kusurwa

Ko da yake muna kiran su na baya, ainihin mazauninsu gefe ne, an ɗan ja baya kaɗan. Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya, wato ITU, ta shimfiɗa ta sa su tsakanin digiri 100 zuwa 120 idan aka ƙirga daga tsakiyar talabijin. Ba sai ka nemi ma'aunin kusurwa ba. Ka ɗauka kana zaune a tsakiyar fuskar agogo, talabijin yana kan ƙarfe 12. Kowace awa digiri 30 ce, saboda haka ƙarfe 3 shi ne daidai kafaɗarka ta dama, ƙarfe 4 kuma digiri 120. Lasifikar dama za ta zauna tsakanin ƙarfe 3 da rabi da ƙarfe 4, ta hagu kuma tsakanin ƙarfe 8 da 8 da rabi.

Ga yadda ake yi da tef. Ka auna daga kanka zuwa bangon gefe, ka yi alama daidai saitin kunnenka. Sannan ka ja baya daga wannan alamar da kimanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin tazarar da ka auna. Misali, a ɗaki mai faɗin mita 3.6, daga tsakiya zuwa bango mita 1.8 ne, don haka komawa baya da santimita 65 zai ba ka kusan digiri 110, komawa da mita ɗaya kuma kusan digiri 120. Abin da ka yi a dama, shi za ka yi a hagu.

Kuskuren da na fi gani shi ne a haɗa su biyun a bangon baya, kusa da juna, daidai saman kan mai kallo. Idan aka yi haka, hagu da dama sun cakuɗe, kuma ƙwaƙwalwa takan kasa bambance sautin da ke fitowa daga tsakiyar baya da wanda ke fitowa daga gaba. Na biyu shi ne jera dukkan biyar ɗin a kan teburin talabijin don gudun wahalar jan waya, wanda ya mayar da na'urar ta zama rediyo mai baki biyar.

5. Tsayi da inda za su fuskanta

Ka ɗaga su sama da kunne da santimita 30 zuwa 60. Idan kunnenka yana mita ɗaya daga ƙasa, ƙaramin farantin da ke fitar da siririn sauti zai kasance tsakanin mita 1.3 da 1.6. Dalilan biyu ne. Na farko, idan mutum uku ne kan kushin, kan na gefe ba zai tare wa na tsakiya sauti ba. Na biyu, ɗagawar tana ƙara tazara tsakanin lasifika da mai zama a ƙarshe. A buɗaɗɗen wuri, duk lokacin da tazara ta ragu da rabi, ƙarar sauti tana hawa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), wanda ke nufin mai zama daf da lasifika ba zai ji komai ba sai ita. A ƙaramin ɗaki, ni na fi karkata ga santimita 60.

Kada ka kai su can ƙarƙashin silin kamar na masallaci. A can sauti yakan rabu da hoton, ya zama kamar daga sama ake magana. Idan kuma kana da niyyar ƙara lasifikokin silin na Dolby Atmos, tsarin da ke kawo sauti daga sama, nan gaba, ka rage tsayin ya kusanci kunne, domin tsarin yana buƙatar bambanci tsakanin na ƙasa da na sama.

A faffaɗan ɗaki ana karkato su ne su kalli mai zama a tsakiya. A matsattse kuwa, ka sa ta dama ta kalli mai zama a ƙarshen hagu, ta hagu ta kalli na ƙarshen dama. Da haka na kusa ba ya kan tsinin sautin, na nesa kuma yana samun rabonsa.

6. Idan ɗakin bai ba da hali ba

Ɗakunanmu ba a gina su don kallon fim ba, saboda haka sau da yawa sai ka tarar da ƙofa ko taga daidai inda awo ya nuna. Idan kujera tana manne da bangon baya kuma babu yadda za a janye ta, ka sa lasifikokin a bangon gefe daidai ƙarfe 3 da ƙarfe 9, ka ɗaga su santimita 60 sama da kunne. Idan gefe ɗaya ba shi da bango, wato falon ya buɗe zuwa wurin cin abinci, ka rataye su a bangon baya, amma a ware su sosai, kowace ta wuce ƙarshen kujera, suna kallon juna ko suna ɗan karkata gaba. Akwai kuma dabarar kwantar da ƙaramar lasifika a kan ɗan tebur a gefen kujera tana kallon sama, sautin ya bugi bango da silin kafin ya iso. Ba ita ce mafi kyau ba, amma ta fi ihu a kunne nesa ba kusa ba.

Idan taga ta tilasta maka matsar da ɗaya, ka matsar da ɗayar ma daidai da ita muddin zai yiwu. Bambancin tazara ana iya gyara shi a saiti, amma bambancin kusurwa ba ya gyaruwa. Ka kuma guji cusa su cikin lungun ɗaki, domin lungu yana kumbura amo, ka bar aƙalla santimita 30.

Bangon bulo da daɓen tayil suna mayar da sauti ƙwarai. Ka tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya. Idan ka ji amsa-kuwwa mai kaifi, ka shimfiɗa kafet tsakanin kujera da talabijin, ka rataya labule mai kauri. Wannan kaɗai yakan gyara sauti fiye da sauya na'ura.

7. Gwaji kafin huda bango

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, daga baya su zauna da ramuka huɗu a bango maimakon biyu. Ka ɗora lasifikokin a kan tebur ko kujera, ka ƙara littattafai ko kwali har su kai tsayin da ka auna, ka ja waya a ƙasa haka nan, ka kalli fim na kwana biyu ko uku. Ka zauna a kowane gurbi na kushin. Mataimakinka ya riƙa matsar da su taƙi ɗaya gaba ko baya kana saurare, sai ka samu inda suka ɓace wa kunne, sannan ka yi alama da fensir.

8. Ratayewa da jona waya

Kafin ka huda, ka dubi inda soket da makunnin fitila suke, domin wayar lantarki takan bi cikin bango a miƙe sama ko ƙasa da su. Kada ka huda a kan wannan layin. Ka huda daidai kaurin fisha, ka buga ta ta shige, ka ɗaura maƙalin, sannan ka ja shi da hannu da ƙarfi kafin ka ɗora lasifika, musamman a gidan da yara ke wasa a ƙarƙashi. Idan gidan haya ne kuma ba a yarda da huda ba, matsayai na ƙasa za su yi, a zaɓi masu faɗin gindi da nauyi.

Waya mai milimita 1.5 ta isa har kusan mita 15, wanda ya zarce buƙatar ƙaramin ɗaki. Ka kankare bakinta da wuƙa kafin ka biya kuɗi. Idan cikin ya fito fari, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, kuma idan ita kaɗai ke akwai, ka ɗauki mai milimita 2.5. Ka bi da ita ta gindin bango cikin tirankin, kada ka haɗa ta kwaroro ɗaya da wayar lantarki.

Ka cire amfilifaya daga soket kafin ka jona komai. Ka fere santimita ɗaya a bakin kowace waya, ka murɗe zaren sosai, domin silin waya ɗaya da ya kauce ya taɓa maƙwabcinsa ya isa ya kashe na'urar ko ya ƙona ta. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a ɓangarorin biyu. Idan ka juya ɗaya, sauti zai fito, amma zai zama siriri maras gindi. Idan wayar ba ta da alama, ka cire ta daga amfilifaya, ka taɓa bakinta biyu a kan ƙaramin batir na ɗan lokaci kana kallon farantin. Idan ya turo waje, wayar da ke kan tsinin batir ita ce ta ja.

A amfilifaya mai tsarin 7.1 za ka ga wuri biyu, ɗaya an rubuta Surround, ɗaya Surround Back. Mai lasifika biyu a baya a Surround zai jona. Sunan na biyun yana yaudarar mutane, kuma shi ne sanadin shirun da yawancin masu kirana ke kuka da shi.

9. Saiti

Idan amfilifayarka ta zo da ƙaramin makirfo, tana da saitin kai-da-kai, irin su Audyssey a Denon da Marantz, ko YPAO a Yamaha. Ka ajiye makirfon daidai tsayin kunne yana kallon sama, ba a hannu ba, ka kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, kuma ka zaɓi lokacin da janareta ba ya ruri a kusa. Bayan ta gama, ka shiga ka duba abin da ta zaɓa, domin takan yi kuskure.

Idan da hannu za ka yi, abubuwa uku ne. Na farko tazara: ka auna daga kowace lasifika zuwa kanka ka shigar da adadin. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma kunne yana bin wanda ya riga isowa, saboda haka na'urar tana ɗan jinkirta na kusa don duka su iso tare. Na biyu girma: ka zaɓi Small, ka sa iyakar amo, wato matakin da amon da ya fi shi kauri zai koma ga wufa, a hatz 80, ko 100 zuwa 120 idan lasifikokin 'yan ƙanana ne sosai. Na uku ƙarfi: ka kunna sautin gwaji mai kama da shuuu, ka riƙe wayarka daidai inda kanka yake, ka daidaita kowace lasifika har duka su nuna adadi ɗaya. Desibel 75 aka saba amfani da shi. Manhajar waya ba ta cika daidai ba, amma tun da kwatanta su da juna kake yi, ta wadatar.

Bayan haka ka saurara da kunnenka. A ƙaramin ɗaki nakan rage na baya da desibel ɗaya ko biyu idan suna jan hankali. Abin da ba na so shi ne a ƙara su da desibel biyar ko shida don kawai a tabbatar suna aiki.

10. Idan har yanzu ba ka jin su

Muddin sautin gwaji ya fito ta cikinsu, waya da jonawa lafiya suke, matsalar tana ga abin da kake kallo. Yawancin tashoshin talabijin, da bidiyon YouTube, da finafinan da ake turawa a waya, sautinsu hanya biyu ne kawai, babu abin da aka tanadar wa na baya. Ko a fim mai 5.1 ma, ana iya yin minti goma ana hira cikin ɗaki ba su ce uffan ba, kuma haka aka tsara.

Ka shiga saitin sautin talabijin, ka sauya fitarsa daga PCM zuwa Auto ko Bitstream, domin idan ta wayar haske (Optical) ko ta HDMI ARC aka haɗa talabijin da amfilifaya, PCM hanya biyu kaɗai yake turawa. Wayar ja da fari, da Bluetooth, su ma hanya biyu ne. Idan an dace, fuskar amfilifaya za ta nuna Dolby Digital ko DTS. Ga shirye-shirye masu hanya biyu kuwa, ka zaɓi Dolby Surround ko Pro Logic II ko DTS Neural:X, gwargwadon wanda na'urarka ke da shi, su ne ke tsamo sautin kewaye su kai baya su bar magana a tsakiya. Akwai wani zaɓi mai suna All Channel Stereo, wanda ke tura komai ga dukkan lasifikoki da ƙarfi ɗaya. Wannan ya dace da kiɗa ranar suna ko biki, amma idan ka zauna kallon fim ka cire shi, domin shi ne ke sa ka ji ɗan wasan da ke gabanka yana magana ta bayan kunnenka.